Autan Maɗori da Makin JAMB

A wani ƙauye na ƙaramar hukumar Makoda, ba nisa da Koguna, akwai wani dattijo maɗori da ya gaji sana'ar daga mahaifinsa. Zaurensa ba ya rabo da jama'a: wanda ya faɗi a kan babur, yaron da ya suɓuto daga bishiyar mangwaro, matar da saniya ta ture. Da karan dawa da tsumma da man shanu yake aikinsa, yana yi yana tofa addu'a. Abin da ya ɗaga shi a idon mutane shi ne ya san iyakarsa. In ƙashi ya huda fata ya fito, ko karayar ta kasance a ƙugu ko a gadon baya, ba ya taɓawa. Sai ya ce, "Wannan ta Dala ce," a nemo mota a nufi asibitin ƙashi na Dala da ke Kano.

Autansa ne ke riƙe masa ƙafa ko hannun majinyaci in za a ja. Wata rana aka tura yaron ya raka wani maƙwabci Dala, a can ya fara ganin hoton ƙashi. Karayar da Baba ke lalube da yatsa, ga ta nan a fili kowa na gani. Tun daga ranar ya ƙudurta a ransa sai ya zama likitan ƙashi.

Da ya gama sakandare ya zana JAMB, jarrabawar shiga jami'a, sakamako ya fito: 203 cikin 400. A ƙauyen an yi ta yi masa barka, don ya zarce sa'o'insa. Shi kuwa ya san wannan maki ba zai kai shi ajin likitanci a Jami'ar Bayero ba. Kwana uku bai ci abincin kirki ba.

Ranar kasuwar Dambatta wani mutum mai fararen kaya da mota ya tare shi a shagon da ake buga takardu. Ya ce yana da mutane a Abuja, za su ɗaga masa makin ya koma 290, ba wanda zai sani. Kuɗin da ya yanka ya kai na sa guda. Auta ya dawo gida jiki na rawa, ya fara shawo kan Inna. Da dare Inna ta sami maigidan ta ce, "Malam, shanun huɗar nan biyu ne. A sayar da ɗaya mana, yaron nan ya samu ya wuce. In ya zama likita ai garke zai saya maka."

Dattijo ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Gobe in Allah ya kai mu, ni da shi za mu je wurin Malamin kimiyya. Abin da ban sani ba, ba na sa masa hannu."

Malamin nan tsohon ɗalibin makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa ne, ɗaya daga cikin biyun da gwamnatin Kano ta buɗe a 1977, ita da ta Dawakin Kudu, don jihar ta samu likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa. Ya koyar shekaru da yawa, ya yi ritaya ya dawo gida yana noma. Bayan sun gaisa, ya karɓi takardun Auta ya sa tabarau ya duba su ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, kada ku sayar da ko kaza," in ji shi. "Makin nan yana cikin kwamfutar hukumar JAMB, kuma daga can jami'a ke ɗauka. Mutumin nan takarda kawai zai buga muku. Ranar tantancewa za a duba a ga 203, a kori yaro, wataƙila ma a haɗa shi da hukuma."

Auta ya sunkuyar da kai. Sai ya zaro waya ya ce, "Allah gafarta Malam, to na karanta cewa a Amurka akwai makarantun likitancin ƙashi da ke ɗaukar masu ƙaramin maki. Ko can zan nema?"

Malam ya ce, "Na san su. Wani likita, Andrew Taylor Still, ya buɗe ta farko a garin Kirksville na jihar Missouri a 1892, bisa ra'ayinsa cewa lafiyar jiki na da alaƙa da daidaiton ƙashi da tsoka. Yau waɗanda suka fito daga irin waɗannan makarantu cikakkun likitoci ne a Amurka, suna rubuta magani, suna tiyata. Gaskiya ne a jimlace makin da suke ɗauka ya ɗan yi ƙasa da na sauran makarantun likitanci. Amma ɗan ƙasa kaɗan nake nufi, ba warwas ba. Kuma sai ka riga ka yi digirin farko, ka zana wata jarrabawa mai tsauri, sannan ga kuɗin makaranta da ko gonakin gidanku duka aka sayar ba za su biya ba. Abin da za ka ɗauka daga labarinsu ɗaya ne: ko a can, mai ƙaramin maki sai ya koma ya gyara inda ya gaza kafin a saurare shi."

Daga nan ya shiga yi musu bayanin yadda abin yake a gida. Ya ce hukumar likitoci ta ƙasa ce ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta horar, gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta, masu nema kuwa sun ninka gurbin sau da yawa. Shi ya sa makin likitanci ke hawa sama. Jami'o'in tarayya suna raba gurbi kashi uku: 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi kowa maki a duk ƙasa, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a karatun boko. "Kai ɗan Kano ne, kana da rabo a nan," in ji shi. "Amma a cikin rabon ma, da yaran Dawakin Tofa da na makarantun kuɗi na birni za ka kara."

Ya sa yatsa a kan takardar. "Dubi nan. Bayoloji ka yi ƙoƙari, Ingilishi ba laifi. Kemistiri da Fizis su suka kayar da kai. Ka taɓa haɗa sinadari da hannunka?"

"A'a, Malam. A allo kawai ake zana mana."

"Kwamfuta fa?"

"Sai ana saura kwana biyu jarrabawa na fara taɓa ta."

Wannan amsar ita ce labarin dubban yaran karkara. Tun 2015 a kwamfuta kaɗai ake zana JAMB, yaron da bai saba da ita ba kuwa rabin lokacinsa a neman inda zai danna yake ƙarewa. Sai a ce ba shi da ƙwaƙwalwa, alhali ba a taɓa gwada ƙwaƙwalwar tasa yadda ya kamata ba. Abin takaici ne, kuma laifin ba na yaran ba ne.

Malam ya ce hanyoyi na halal suna nan, sai dai kowacce na cin lokaci. Zai iya sake zana JAMB baɗi bayan ya yi shiri na gaske. Zai iya shiga kwalejin share fagen shiga jami'a ta Kano ya yi IJMB, jarrabawar da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da ita, in ya ci sosai ya nemi aji biyu kai tsaye. Ko kuma ya karɓi wani fanni na kusa, kamar ilimin sassan jiki ko na yadda jiki ke aiki, ya fito da sakamako mai kyau, sannan ya sake neman likitancin. "Akwai kuma aikin jinya da gashin ƙashi," in ji shi, "kada ka raina su. In ka je Dala ka lura da su wa ke kwana da majinyaci."

Auta ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Malam, shekarun fa? Sa'o'ina duk za su wuce ni."

A nan ne dattijo ya buɗe baki. "Auta, sau nawa aka kawo mana wanda aka yi wa ɗorin gaggawa, ƙashi ya haɗe a karkace? Me muke yi?"

"Sai an sake karyawa, Baba."

"To ka ji. Gara a ja shi yanzu da zafinsa, a ɗaure shi daidai, a jira kwanakinsa su cika. Kuma ka faɗa mini, in da makin sata ka shiga, ran da aka kwantar da ɗan wani a gabanka, wa za ka biya ya gaya maka inda za ka yanka?"

Auta bai amsa ba. Sa dai ba a sayar ba.

Damina ta sauka, ya yi noman gero da gyaɗa tare da yayyensa. Kullum bayan la'asar yana zauren Malam da littafin Kemistiri, Malam na sa shi warware tsofaffin tambayoyi yana duba agogo. Da kaka aka sayar da buhun gyaɗa biyu aka biya masa kuɗin koyon kwamfuta a Dambatta, yana zuwa a keke. A cikin wannan shekarar ne labari ya zo cewa wani gida a ƙauyen gaba sun ba mai fararen kayan nan kuɗin gonar da suka jinginar. Lambar wayarsa ta daina shiga, gonar kuma ba ta dawo ba.

Jarrabawa ta biyu ya samu 251. Ya ƙaru ƙwarai, amma likitancin bai samu ba, sai aka ba shi ilimin yadda jiki ke aiki. Ya yi kuka a ɗakin Inna, washegari ya ɗauki jakarsa ya tafi Kano. Shekara huɗu yana karatun, hutu kuma yana zaure yana riƙe wa Baba ƙafar majinyata, yanzu har yana gaya masa sunan kowane ƙashi da jijiyar da ke bi ta gefensa. Shi ya roƙi tsohon ya riƙa sassauta ɗauri in yatsu suka fara kumbura ko suka yi sanyi, don ɗauri mai tsanani na tsayar da jini har a kai ga yanke hannu. Dattijo ya saurara, ya kuma karɓa.

Da ya fito da sakamako mai daraja ya yi hidimar ƙasa, ya sake nema, aka ɗauke shi aji biyu na likitanci. Waɗansu abokan ajinsa ƙannensa ne na bayan baya, suna ce masa Yaya. Malamin kimiyya ya rasu kafin wannan rana, Allah ya jiƙansa.

Yanzu Auta yana zagayen ɗakunan majinyata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Gabansa akwai jarrabawar ƙarshe, da shekara guda ta sanin makamar aiki, da wasu shekarun na ƙwarewa kafin a kira shi likitan ƙashi. Duk hutun da ya zo gida, yaran sakandare na garin suna taruwa wurinsa bayan la'asar, yana koya musu Kemistiri da Fizis kyauta, da tsohuwar kwamfutar da ya saya don kowa ya saba da ita tun yana aji huɗu.