Launin da mai shi ba ya gani

Cikin babban hutun da ya wuce, wani tsohon ɗalibina da na karantar da faransanci a kwaleji ya tsaya da mota a ƙofar gidana, nan Birnin Ƙwanni. Mota ce mai ƙofa biyu, ƙirar Jamus, shuɗiya, ta durƙusa ƙasa har kaza ma sai ta sunkuya kafin ta shige ƙarƙashinta, irin waɗanda nasara suka ƙera domin gudu kawai. A Sakkwato ya saye ta, hannu na biyu, da ribar albasar Galmi da yake tsallakawa da ita iyaka. Da muka gama gaisuwa sai ya zaro salularsa ya nuna mini hotuna uku, ya ce: «Mushe, janti nake so in sake wa fenti. Ruwan zinariya, baƙi, ko ja? Kai ne ka san abubuwan nasara.»

Ni da motona ya shekara goma sha biyu ba a taɓa shafa masa ko alli ba, dariya ta fara zo mini. Bayan dariya sai wa'azi ya taso har maƙogwaro, domin kuɗin da ya ambata sun isa buhun hatsi a lokacin da hatsi ke tsada. Na haɗiye wa'azin na ce: «Ɗana, ba ni kwana biyu.» Abin da kwanakin nan biyu suka haifa shi nake so in shimfiɗa wa mai karatu.

Farkon abin da na lura da shi ƙarami ne, amma duk maganar a kansa ta rataya: mai tuƙa mota ba ya ganin jantinta. Yana ganin sitiyari, yana jin laushin kujera, yana jin ƙarar inji a ƙirjinsa, duk waɗannan nasa ne. Ƙarfen da tayoyi ke kewaye da shi kuwa yana waje, yana ƙasa, daidai da idon yaron da ke tsaye bakin kwalta da mai tallan rake da ɗan kabu-kabun da aka wuce. Ashe ke nan wanda ya zauna zaɓen launin janti magana yake shiryawa da zai faɗa wa mutanen gari, ko ya sani ko bai sani ba. Tambayar ɗalibina ta tashi daga «me ya fi kyau» ta koma «me zan ce musu».

Su kansu nasara da ya ce na sani, haka suka ɗauki launin motar tsere tun farkon ƙarni na 20: tuta ce. Ja na Italiya, shuɗi na Faransa, kore na Ingila, fari sannan ruwan azurfa na Jamus. Ruwan zinariyar da ke cikin hoton farko ma yana da asali. Kamfanin Subaru na Japan ne ya shahara da shuɗiyar mota mai janti ruwan zinariya, wadda Colin McRae ya ci gasar duniya ta tseren jeji da ita a 1995, kuma daga can sha'awar ta bi talabijin da intanet har ta iso salular ɗan kasuwar albasa wanda bai taɓa jin sunan mutumin ba. Mu ma da muke yara cikin shekarun 1980, lokacin da tseren Paris-Dakar ke ratsa Agadas da Tawa da Yamai, ba doki nawa ke cikin inji muke gardama a kai ba, launi muke riƙewa, da shi muke zana motocin a bayan littattafan lakkwal.

To, idan ado magana ce ga jama'a, shin laifi ne? Rousseau, wanda nake karanta wa ƴan lise kowace shekara, zai ce e. A littafinsa na 1755 game da asalin rashin daidaito tsakanin mutane, ya raba son kai gida biyu: akwai wanda ke sa mutum ya kula da ransa da lafiyarsa, akwai kuma wanda ke sa shi ya riƙa auna kansa da idon wasu har ya kasa zama lafiya in ba a dube shi ba. A wurinsa na biyun ne tushen ɓacin zaman tare. Ba sai mun je Janeba ba ma. Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Maratta kusa da Galmi a 1754, ƙanensa Abdullahi ya yi fushi da abokan jihadi har ya kama hanyar gabas ya bar su, kuma cikin abubuwan da ya zarge su da su a Tazyinul Waraƙati akwai son manyan riguna da dawakan nuna isa a cikin gari. Motar gudu a Ƙwanni, inda daga tasha zuwa duwan sai ka taka birki sau hamsin saboda amalanke da awaki, ina bambancinta da dokin gari?

Na kwana da wannan hujja, da safe na ga ba ta ƙosar da ni ba. In da gaskiyar ke nan duka, da sai mu goge zanen da magina suka yi a fuskar gidajen unguwar Birni a Damagaram, domin shi ma mai gida ba ya ganinsa in yana ciki. Da sai mu tuɓe wa dawakan hawan salla kayansu, mu hana amarya lalle, mu ce wa direbobin manyan motocin da ke ɗaukar siminti daga Malbaza su kankare furanni da zakunan da aka zana a bayan bodinsu. Gari irin wannan ba zan so zama cikinsa ba. Wanda ya ƙawata bangon gidansa na waje ya ba mai wucewa wani abu kyauta, bai karɓi ko dala ba. Malamanmu ma suna karantar da cewa son tufa mai kyau da takalmi mai kyau ba shi ne girman kai ba, girman kai yana cikin ƙin gaskiya da rena mutane. Saboda haka ado iri biyu ne, kuma fenti ɗaya yana iya zama kowanne daga cikinsu. Akwai wanda ke cewa «ku zo ku gani», akwai mai cewa «ku matsa ku ba ni wuri». Abin da ke raba su ba ya cikin gwangwanin fenti, yana ƙarƙashin ƙafar dama ta direba: wanda ya rage gudu a bakin kasuwa ranar Laraba ya bar yara su ƙare wa motarsa kallo, da wanda ya bule su da ƙura, janti ɗaya gare su, magana biyu suka faɗa.

Ƙura kuwa ita ce ta kai ni ga abin da ban zata ba. Na je wurin wani mai fentin motoci, dattijo, na tambaye shi ra'ayinsa. Bai yi mini falsafa ba. Ya ce aikin ba wuya: a cire taya, a goge ƙarfen da takarda mai kaushi, a fesa shimfiɗa, a fesa launi, a rufe da barni, kuma da sassafe ake yi kafin iska ya tashi, don in hunturu ya zuba ƙasa a ɗanyen fenti an yi hasara. Sannan ya ce: «Malam, tambaye shi wa zai wanke.» Baƙi mai sheƙi, in ji shi, ba ya kai azahar sai jar ƙasarmu ta hau shi, in kuma aka bi ta Malbaza farar ƙura ta ƙara nata. Ja rana take ci, sai ya koɗe. Ruwan zinariya yana ɓoye ƙurar hanya amma baƙin garin birki yana maƙale masa a lungu-lungu, sai da tsumma da yatsa. Wato kowane launi yana zuwa da nasa aikin yau da kullum, kuma na san ba mai motar ne zai durƙusa ba. Wani yaro ne, almajiri ko ɗan ƙanen uba da aka kawo daga wani ƙauyen Ilela, zai ɗebo ruwa a garin da mata ke layin famfo, ya tsuguna yana bin ƙarfe lungu-lungu. Rousseau ya yi tunanin idon da ke kallo, bai yi mini maganar hannun da ke gogewa ba; mai fenti ne ya tuna mini. Hausawa na tambaya ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, ba kasafai muke tambayar ko ta biya mai wankin ba.

Ban ce don haka a bar ado ba. Wankin mota sana'a ce, samari da yawa da ita suke ci a bakin babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi. Abin da na ƙi shi ne ƙyallin da ake ɗora wa wanda ba a biya, ba a gode masa, ba a ko taɓa ɗaukarsa a kujerar gaba ba.

Da ɗalibina ya komo na faɗa masa duk wannan, wataƙila da tsawon da ya wuce kima, halin malamin makaranta. Ya saurara da ladabi kamar yadda yake yi a aji, yana kallon agogo a ɓoye. Da na gama ya ce: «To Mushe, wane launi ke nan?» Na ce ruwan zinariya, domin ya dace da shuɗi, kuma ni ma yaron nan mai zane a bayan littafi bai mutu a cikina ba. Ya yi godiya ya tafi.

Bayan mako biyu na hange shi wajen mararrabar Tsarnawa. Ja ya sa. A kujerar gaba akwai wani yaro da tsumma a kafaɗa, ya fito da kai ta taga yana ɗaga wa mutane hannu. Ko hanya ce kawai ta haɗa su, ko maganata ce, ban samu na tambaya ba, don motar ba ta tsaya ba.