Wa Zai Zauna Da Mai Naƙuda?

Jama'a, can gida Arewa, in cikin fari ya tsufa, yarinya takan tafi goyon ciki gidan iyayenta. Uwa na kusa, goggo na kusa, ungozoma na cikin unguwa. To mu nan Sabo fa? An kawo amarya Ibadan daga Kano ko Sakkwato, uwarta na can, tafiyar yini guda a mota. Naƙuda ta tashi da tsakar dare, maigida ya kai ta asibiti, a tsayar da shi a bakin ƙofa. Ta shiga ita kaɗai, ba Yarbanci, ba Turanci, ga kunya ta hana ta faɗin inda ke mata ciwo.

A Amurka da Ingila akwai matan da ake kira dula. Ba sa karɓar haihuwa, ba sa ba da magani. Aikinsu su zauna da mai naƙuda, su riƙe hannunta, su shafa mata baya, su isar da maganarta ga ma'aikata, kuma biyansu ake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarwarinta na 2018, ta ce a bar mace ta zaɓi mai zama da ita.

Abin da Bature ke saya da kuɗi, a wurinmu haƙƙin maƙwabtaka ne. Wani zai ce ai Allah ke saukarwa, wadda ta rasu wajen haihuwa kuwa shahida ce. Gaskiya ne, amma shahadarta ba ta wanke sakacinmu. Ku duba Suratu Maryam: da naƙuda ta kai Nana Maryamu gindin dabino, har ta yi fatan mutuwa, Allah bai bar ta cikin kaɗaici ba. Aka kira ta, aka lallashe ta, aka nuna mata ci da sha.

Saboda haka iyayenmu mata masu jin harshen gari, ku raba wannan aiki tsakaninku. Maigida, in Hajiya ta bar sana'arta ta kwana da matarka, ka kyautata mata. Amma kada a yanka farashi, don kada matar talaka ta rasa.

Mai rakiya kuma ta san iyakarta. In haihuwa ta zo a gida, aka ga jini ya ɓalle, ko jijjiga, ko naƙuda ta yi tsawo, ba lokacin jiƙo ba ne. Ta tashi maigida, a nufi asibiti. Doguwar naƙuda ce ke jawo yoyon fitsari.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, amin.