Ɗan Ƙullutun Da Ba Ya Ciwo

'Ya'yana na Sabon Tasha, maza da mata, ku ba ni aron kunnuwanku. Maganata a yau a kan wani ɗan abu ce da yatsa kan ci karo da shi lokacin wanka ko shafa mai: ɗan ƙullutu a ƙarƙashin fata, wani ma bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Yakan fito a nono, ko a wuya, ko a hammata, ko a matsematsi, ko a maraina. Mutum ya latsa ya ji babu zafi, sai ya ce "zai baje da kansa", ya sa riga ya fita neman na tuwo. Wannan "zai baje" ta raba yara da yawa da iyayensu mata.

Na san halin da kuke ciki. Wadda ke kasa kaya a kasuwar Sabo, ranar da ba ta fita ba tukunya ba ta hawa murhu. Mai Keke Napep da ke jigila tsakanin Unguwar Boro da Narayi yana da balas a kansa kowace yamma. Ga kuɗin katin asibiti, ga dogon layi. Shi ya sa ba a tuna asibiti sai ciwo ya kwantar da mutum. To amma ku san wannan: ƙullutun da ya zo da zafi da ja da zazzaɓi, sau da yawa maruru ne ko kumburin da ƙwayar cuta ta haddasa, kuma ana magance shi cikin sauƙi. Wanda ya fi tayar wa likita hankali shi ne mai tauri, wanda ya kafe wuri ɗaya, yana ƙaruwa a hankali, ba ya damun mai shi da komai. Sankarar nono ba ta cika yin ciwo a farkonta ba. Rashin zafin nan shi ke yaudarar mutane.

Kada hankalinku ya tashi fiye da kima. Mafi yawan ƙullutun da ake samu a nono ba daji ba ne. A jikin 'yammata akwai wani mai santsi da ke zillewa a ƙarƙashin yatsa, ba ya yaɗuwa. Akwai wanda ruwa ne kawai ya taru, akwai na kitse da kan fito a baya ko kafaɗa ya shekara bai yi komai ba. Mai shayarwa takan sami daskarewar nono. Kaluluwa takan fito saboda gyambo a ƙafa ko ciwon maƙogwaro, ta koma idan ciwon ya warke. Maƙoƙo kuwa, ƙarancin sinadarin aidin na cikin manyan dalilansa, shi ya sa ake saka shi a gishirin da muke saya. Sai dai yatsanka ba zai iya bambance mai lahani da marar lahani ba, haka yatsan mai kemis, haka na kakarka. Gwaji ne ke raba gardama.

Ga abin da ya sa na nace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mata kimanin miliyan 2.3 aka samu da sankarar nono a duniya, kimanin 670,000 kuma suka rasu. A Najeriya ita ce dajin da ya fi kama mutane. Ƙiyasin shekarar 2022 ya haura sabbin kamu 32,000, waɗanda suka rasu kuma sun haura 16,000. A ƙasashe masu arziki, fiye da 90 cikin 100 na matan da suka kamu suna nan da ransu bayan shekara 5. Jikinsu da namu duk ɗaya ne. Babban abin da ya raba mu shi ne su suna zuwa ƙullutun bai kai santimita 2 ba, mu kuma mafi yawan matanmu sai cutar ta kai mataki na 3 ko na 4, ta fashe ta zama gyambo, ko ta bi jini ta shiga ƙashi da huhu da hanta.

Akwai maganar da ta zauna a bakin jama'a, wai daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya fusata. Ku tsaya ku duba inda ta samo asali. Mace ta ɓoye ciwo shekara guda, an shafa wannan, an sha wancan, wanzami ya yi tsaga, an ce jifa ne, an ce sammu ne. Sai da ƙarfi ya ƙare aka kwashe ta zuwa asibiti. Aka yi aiki, bayan 'yan watanni ta cika, sai a ce ƙarfe ne ya kashe ta, a manta da shekarar da aka ɓata a gida. Allurar da likita ke ɗebo 'yar tsoka da ita don a duba a ɗakin gwaji ita ce hanyar da ake tabbatar da ko daji ne ko ba shi ba ne, kuma da sakamakonta ake zaɓen magani. Ku yi addu'a, a coci ko a masallaci, ku roƙi Allah sauƙi, sannan ku tashi ku tafi asibiti a makon. Wanda ya saukar da cuta shi ya ba likita ilimin maganinta.

'Yata, ki ware rana ɗaya kowane wata, 'yan kwanaki bayan al'ada ta ɗauke. Ki tsaya gaban madubi ki ɗaga hannuwa ki duba. Sannan ki kwanta, ki bi nonon da tafin yatsu uku a hankali, har cikin hammata. Idan kin ji ƙullutu, ko kin ga fata ta lotsa, ko kan nono ya shige ciki, ko yana fitar da jini, kada ki jira wata mai zuwa. Idan kunya ce, ki nemi a haɗa ki da ma'aikaciya mace, ko ki tafi da 'yar'uwarki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ɗana, kai ma ba ka tsira ba. Namiji yana kamuwa da sankarar nono, ko da yake maza ba su wuce ɗaya cikin 100 na masu ita ba. Ƙullutu mai tauri a maraina ya fi samun samari, kuma yana cikin dajin da ya fi jin magani idan an zo da wuri. Kaluluwar wuya da ta wuce mako 3 ba ta koma ba, ga rama, ga gumin dare, tana iya zama tarin fuka, wanda ake gwajinsa a kuma ba da maganinsa kyauta a cibiyoyin gwamnati, na tsawon wata 6. Idan kuma muƙamuƙin yaro ko cikinsa ya fara kumbura da sauri, kada a tsaya cewa haƙori ne. Akwai dajin yara da likita Denis Burkitt ya yi bayaninsa a Uganda a 1958. Yana girma cikin makonni, amma yana jin magani ƙwarai.

Ba ku rasa wurin zuwa ba. Ku fara da cibiyar lafiya ta unguwa ko Babban Asibitin Sabon Tasha. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a ƙetaren kogi, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, inda akwai sashen masu daji. Ku tambaya a can game da asusun tallafin masu daji na Gwamnatin Tarayya, ku kuma bincika shiga inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA, tun kuna da lafiyarku.

Za a miƙo muku takardar hoto ko ta gwaji, da Turancin likitoci. A nan ma ana yin asara. Wani ya ga an rubuta "nodule" sai ya ɗauka an yanke masa hukuncin mutuwa, ya gudu bai koma ba, alhali ɗan ƙullutu kawai ake nufi, ba a ce mai lahani ne ko marar lahani ba. Wani kuma ya ninke takardar ya jefa a akwati. Kada ka kai ta wurin maƙwabci, kada ka ɗora ta a WhatsApp kana neman fassara. Ka koma wurin wanda ya tura ka, ka ce, "Likita, yi mini bayani da Hausa. Mene ne wannan? Me ya rage a yi? Yaushe zan dawo?" Haƙƙinka ne, kuma matambayi ba ya ɓata.

Ku magidanta, kaso mai yawa na wannan nauyi a wuyanku yake. Mata da yawa suna yin shiru ne don tsoron a ce babu kuɗi, ko tsoron miji ya juya baya idan aka cire nono. Ranar da matarka ta ce ta ji wani abu a jikinta, ka ajiye abin da kake yi ka raka ta. Kuɗin hoto da gwaji a yau bai kama ƙafar abin da za ka kashe ba idan cutar ta yi nisa, har a kai ga sayar da fili. Ka faɗa mata da bakinka cewa ranta ya fi maka komai.

Ku kuma iyayenmu na Zumuntar Mata da na makarantun Islamiyya, ku da kuke haɗa adashi don biki da suna, ku ware wani abu don wadda za ta je gwaji. Ku gayyato nas ta koya wa mata yadda ake duba kai, kada ku jira sai watan Oktoba da duniya ke gangamin sankarar nono. Wadda aka yi wa aiki ta warke, ku ba ta dama ta yi magana idan ta yarda, domin ganinta a tsaye ya fi wa'azi dubu shiga zuciya.

Wanda duk ya karanta wannan alhali akwai wani ƙullutu a jikinsa da ya daɗe yana ɓoyewa, ina roƙonsa ya gaya wa mutum ɗaya da ya amince da shi a daren yau, gobe da safe su kama hanyar asibiti tare. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare mu da zuri'armu, amin.