Yawon Buɗe Ido Da Iyali, Almubazzaranci Ne?

Wani maƙwabcina a Hayin Banki ya kwashi iyalinsa a mota har Badagry, suka kafa tanti a bakin teku, suka haye tsibirin Gberefu inda a da ake loda bayi cikin jiragen Turawa. Da ya komo, sai 'yan majalisa suka ce ya ɓarnatar da dukiya.

Ni ban ga haka ba. Malaman Malikiyya sun karhanta kasaru ga mai tafiyar wasa zalla, ko da ta kai mil 48, amma wannan ba wasa ba ne. Yaran da Kogin Kaduna ne iyakar saninsu sun taka inda aka sayar da 'yan Adam.

Tambayata gare shi ɗaya ce: Malam, ka biya mai kanti bashin shinkafarsa kafin ka tashi?