Wa Ke Da Ikon Cewa Da Na Sani?

Ran Jumma'a, 22 ga watan Yuni, 2018, bayan mun sauko daga sallar La'asar, muka taru a gidan kallo a nan Madachi, manya da yara, har wasu suka bar noman firi a gona. Ran nan ne Nijeriya ta kara da Ayisilan a gasar ƙwallo ta duniya da aka yi a ƙasar Rasha. Ahmed Musa ya ci ɗaya, ya ƙara ɗaya, wuri ya ɗauki sowa. Da hayaniya ta lafa, sai wani tela da ke zaune kusa da ni ya girgiza kai, ya ce, "Wayyo Kano Pillars! Da ba mu saki yaron nan ba, da yau babu mai iya ja da mu a Afirka duka." Jama'a suka ce, "Wallahi gaskiyarka."

Ni ma na ce gaskiyarsa. Amma da na koma gida na kwanta, sai maganar ta hana ni barci. Aikina rubutu ne da lissafi, na kuwa saba in an ce an yi hasara in tambaya: hasarar me, a hannun wa, wa kuma ya jawo ta? To, ya kai mai karatu, zo mu bi wannan magana tare, mu ga ko tela yana da ikon wannan da-na-sani da ya yi.

Da fari dai sai mu san yadda abin ya faru. An haifi Ahmed Musa a Jos cikin 1992. Wata makarantar koyon ƙwallo ta can, mai suna GBS, ita ta rene shi, ita kuma ta ba Kano Pillars aronsa. A kakar wasa ta 2009 zuwa 2010 ya ci ƙwallo 18, ba wanda ya kai shi a ƙasar nan a wannan shekara. Sa'an nan wata ƙungiya ta ƙasar Holan, VVV-Venlo, ta neme shi. Sai da ma aka jira ya cika shekara 18 a watan Oktoba na 2010, domin dokar ƙwallo ta duniya ta hana a ketare da yaro wata ƙasa kafin wannan shekaru. Daga Holan ya wuce CSKA ta birnin Mosko a 2012. A 2016 Leicester ta Ingila ta saye shi a kan fam miliyan 16 da 'yan kai.

Ka ga ke nan tun a nan maganar tela ta fara rauni. Yaron aronsa aka ba mu, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Wanda aka ara wa jaki ya kai gyaɗa kasuwar Rano, in mai shi ya zo ya kwance abinsa, godiya ce ta kamace shi.

Abu na biyu ya fi wannan ban mamaki. Tela ya ɗauka tafiyar yaron ta durƙusar da ƙungiya. Alhali kuwa bayan tafiyarsa ne Pillars ta ɗauki kofin ƙasa sau uku a jere, a 2012 da 2013 da 2014. Ashe abin da ya ke yi wa kuka bai ma auku ba. Haka zuciya ta ke: in ta ga ɗan da ya bar gida ya yi suna, sai ta mance da tuwon da aka ci aka ƙoshi bayan fitarsa.

Amma mu bar lissafin kofi, mu shiga inda maganar ta fi nauyi. A ce ma namu ne, a ce muna da ikon riƙe shi. Shin da mun kyauta in mun riƙe shi? Ƙwallo sana'a ce ta ƙuruciya. Maƙeri yana tsufa a gindin maƙera, malami yana ƙara daraja da furfura, amma ɗan ƙwallo galibi kafin ya kai shekara 35 ƙafa ta fara ƙi, in ma karaya ba ta tsai da shi tun da wuri ba. A cikin 'yan shekarun nan ne zai tara abin da zai ci da shi da iyayensa da ƙannensa har ƙarshen rai. Mu masu kallo me muka sa a ciki? Kuɗin ƙofa da maƙogwaro. In an tashi wasa mu karkaɗe riga, kowa ya nufi gidansa. Shi kuwa rayuwarsa ce ɗungum. Kowace shekara in an gama girbi samarinmu na Madachi da Kibiya suna ɗaure kaya su tafi cin rani, ban taɓa jin wanda ya ce a tsare su domin dandali ya yi daɗin hira ba. Uban da ya hana ɗansa fita neman arziki don kawai yana jin daɗin ganinsa a ƙofar gida, mutane ba za su kira wannan ƙauna ba. Za su ce so duka so ne, amma son kai ya fi.

Kada a ce na tsaya a gefe guda. Ba kowace tafiya ke zama alheri ba. Shi kansa Ahmed Musa bai ji daɗin Leicester ba, har aka mai da shi Mosko aro a farkon 2018. Zama kuma ba faɗuwa ba ne. Dubi Rabi'u Ali, wanda a ke kira Pele, da ya zauna a Pillars, aka ci kofunan nan uku da shi, ya wuce shekara 40 yana buga mata, yara a titin Kano suna kiran sunansa. Kowannensu ya zaɓi hanyarsa, ya kuma ɗauki nauyinta. Abin da na ke cewa shi ne zaɓin nasu ne, ba na mai zama a kan benci ba.

Akwai fa irin sakin da ya cancanci cizon yatsa. Samarinmu masu son Chelsea ta birnin Landan sun san shi sarai, abokan hamayyarsu ba su bari su manta. A farkon 2014 ta sayi wani yaro Bamisire, Muhammad Salah, ta ajiye shi a benci, ba ta sa shi wasa sai jefi-jefi. Ta ba da aronsa a Italiya, daga baya Roma ta saye shi. A 2017 Liverpool ta komo da shi Ingila, a kakarsa ta fari ya ci ƙwallo 32 a gasar ƙasar. Bambancin a bayyane ya ke. Ahmed an san darajarsa, ya fi ƙarfin gida, ya tafi. Salah yana cikin gida ba a dube shi ba. Na farko kamar manomi ne da ya kiwata sa, ya yi ƙiba, ya kai shi kasuwa. Na biyu kamar wanda ya bar maraƙi da yunwa ne, maƙwabci ya karɓa ya ba shi dusa da harawa, sa'an nan mai shi na fari ya zo yana leƙe ta kan danga. Duk da haka wannan nadama ta shugabannin ƙungiya ce, su da suka sa hannu a takarda. Mai kallo a Madachi ba a shawarce shi ba.

To, ina rabon mai kallo a cikin da-na-sani? Malamanmu sun koya mana cewa nadama tana kan abin da mutum ya aikata da kansa, ita ce ma ƙofar tuba. Abin da tela ya ji ran nan kewa ce, kewa kuwa ba laifi ba ce, har alamar ƙauna ce. Sai dai ya ba ta sunan da ba nata ba. Mai kallo bai saya ba, bai sayar ba. Abu guda ke hannunsa, watau bakinsa.

A nan ne maganar ta juyo kaina. Shekarun baya akwai wani yaro siriri a ƙungiyar samarin garinmu, ɗan wata bazawara, mai gudu kamar barewa, amma in ya zo bakin raga sai ya ruɗe. Duk ran da ya ɓarar, mu manya da ke tsaye a gefen fili mu yi ta yi masa ature, muka laƙaba masa wani suna da ba zan rubuta a nan ba. Ina cikin masu dariya, na ma fi wasu. Wata rana ya daina zuwa. Daga baya muka ji yana buga wa samarin wani gari, har ya zo ya ci mu biyu a filinmu. Ran nan na ji mutane suna cewa, "Kash, da ba a bar yaron nan ya tafi ba!" Wa ya bar shi? Ba wanda ya sayar da shi ko a kan kwabo. Mu muka kore shi, muna tsaye, hannuwanmu a aljihu.

Ahmed Musa dai ya komo. A watan Afrilu na 2021 ya sake sa rigar Pillars na ɗan lokaci, ya kuma dawo a 2024, a 2025 aka naɗa shi babban manajan ƙungiyar. Da aka rabu ba da zagi ba, hanyar komowa ba ta toshe ba. Na tuna wa tela wannan, ya yi dariya, ya ce ai shi da ma ya san za a yi haka.

Yaron namu kuwa yanzu magidanci ne, ya bar ƙwallo, yana sana'arsa a Kano. Yakan zo gaida tsohuwarsa da Salla. In mun gamu yakan rusuna ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Baba Akawu, ina gajiya?" Amma ko an kira shi kallon wasan samari a filin nan, sai ya ce yana sauri. Sau uku ina shirya maganar da zan faɗa masa, har yau ban faɗa ba.