Tsoron Gobe da Dogaro ga Allah: Darasi daga Ummu Salama

 

Da wuya a sami matar auren da tunanin gobe bai taɓa hana ta barci ba. Wata an sallami maigidanta daga aiki, wata za su tashi zuwa garin da ba ta san kowa ba, wata tana da juna biyu bayan ta sha wuya a haihuwar baya, wata kuma ta ji ƙishin-ƙishin za a yi mata abokiyar zama. Jin tsoro ba zunubi ba ne, halin ɗan Adam ne. Abin dubawa shi ne, ina tsoron yake kai ki?

Mu dubi Uwar Muminai Ummu Salama (RA). Lokacin da ita da mijinta Abu Salama suka ɗaura niyyar hijira zuwa Madina, danginta suka tare hanya suka ƙwace ta, dangin mijin kuma suka fizge ɗanta Salama. Miji ya wuce shi kaɗai. Kusan shekara guda tana fita kullum tana kuka, har aka tausaya mata aka mayar mata da ɗanta. To me ta yi? Ta hau raƙumi, ta rungumi yaronta, ta kama hanyar da ta fi kilomita 400 ba ɗan rakiya. A Tan'im ta haɗu da Usman ɗan Ɗalha, wanda a lokacin bai ma musulunta ba. Shi ya ja mata akala cikin mutunci har Ƙuba, inda mijinta yake. Ki lura, 'yar uwa, sai da ta fito sannan taimakon ya same ta a hanya.

Jarrabawa ba ta ƙare ba. A shekara ta 4 bayan hijira Abu Salama ya rasu sakamakon raunin da ya samu a yaƙin Uhudu, ya bar ta da marayu. Ta yi addu'ar da Annabi (SAW) ya koyar ta neman lada da musanya mafi alheri, alhali a ranta tana ganin ina za a sami wanda ya fi Abu Salama? Sai ga shi Manzon Allah (SAW) da kansa ya aure ta.

Ke nan tawakkali ba naɗe hannu ba ne. Ki yi abin da ke hannunki, ki bar wa Allah abin da ba ya hannunki. Mai ciki ta je awo, ta haɗa da addu'a. Wadda samun maigidanta ya ja baya ta kama sana'ar halal, ta ƙarfafa masa gwiwa maimakon gori. Wadda al'amari ya shige mata duhu ta yi sallar istihara raka'a 2, ta shawarci na gari, sannan ta ci gaba.

Babban haɗarin shi ne tsoro ya kai ki wurin boka ko ɗan duba, wai a buga miki ƙasa a gano gobenki. Ƙarshen Suratu Luƙman ya rufe wannan ƙofa, domin ya nuna sanin gobe na Allah ne Shi kaɗai. Hadisi kuma ya inganta a Sahihu Muslim cewa wanda ya je ya tambayi ɗan duba ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Haba 'yar uwa! Kuɗinki ya tafi, ladan sallarki ya tafi, fargabar kuma tana nan daram.

Allah Ya ba mu yaƙini irin na Ummu Salama, Ya zaunar da gidajenmu lafiya, Ya sa mu cika da imani, amin. Wassalamu alaikum.