Dokar da aka ɓoye wa ɗan koyo

A hutun bana, ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gidanmu a Tajaye, na koya wa ɗan kawuna dara. Yaron a Konni ya tashi, ƙwallo kawai ya sani. Na haƙa gidaje 30 a ƙasa, layi biyar na shida-shida, na ba shi tsakuwa 12, ni na ɗauki karare 12. Na ce da farko kowa zai dasa ƴaƴansa ɗaya bayan ɗaya, ba a jera uku lokacin dashe. In an gama sai tafiya, gida ɗaya, ban da karkata. Wanda ya jera uku ya ci ɗa guda.

Abu ɗaya ne ban faɗa ba: jeren huɗu ba ya ci. Da farko mantuwa ce. Amma na ga yana shirya huɗun tun saura tafiya uku, na yi shiru. Da ya jera, ya miƙo hannu da murna, sai na ce ai ba a yi. Ya dube ni, ya ce: "Yaya, don mi ba ka gaya mini ba tun ɗazu?"

Ban yi ƙarya ba, dokar gaskiya ce. To me ya sa na ji kunya?

Kawu, da ke kallo, bai ga laifina ba. "Wanga wasa da cinyewa ake koyo nai," in ji shi, "mu ma haka anka yi muna." Maganarsa tana da nauyi. Babu wasan da ake zube dokokinsa duka a kan mutum kafin ya taɓa ɗa. Mahjong na ƴan Sin, mai ƴaƴa 144 da ƴan wasa huɗu, ya rabu iri-iri, na Hong Kong daban, na Japan daban, na Amurka ma kowace shekara sai an fitar da sabon katin jeren da ake ci da su. Ɗan koyo dole ya yi tuntuɓe.

Sai dai tuntuɓe daban, sa ƙafa daban. Ni na ajiye dokar a aljihu har lokacin da za ta amfane ni. Yaron ya zauna ne a gabana don ya yarda ni malami ne, ni kuwa cikin ƴan tafiyoyin nan uku na koma abokin karawa ban sanar da shi ba.

Sati biyu bayan haka, a kasuwar Illela, wani dattijo ya cire mini ɗa daga cikin jeren uku, abin da mu a gida ba mu yi. Na ɗaga murya. Ya ce: "Nan haka muke yi, samari. Da ka tambaya." Na so in ce ya cuce ni, na kasa, don shi bai ce zai koya mini ba, kuma bai san yadda muke yi a Tajaye ba. Ni kuwa na san abin da yaron bai sani ba.

Ɗan kawuna ya koma Konni ran Laraba. Bai sake neman mu yi dara ba.